Gujiya goma sha ɗaya a ƙoƙon Inna

Ranar Talatar da ta wuce, bayan sallar magariba, ɗiyar ƙanwata ta shigo gida ta ajiye jakarta ba ta ce wa kowa uffan ba. Yarinyar da kullum tun daga zaure ake jiyo muryarta. Inna ce ta fara lura, ta ce, "Wannan shirun na kishiyata ba na lafiya ba ne." Sai da aka ci tuwo aka kwashe kwanoni sannan ta zaro wata takarda ta miƙo mini, kanta a sunkuye. Takardar gwajin fizik-shimi ce, an rubuta mata 6 bisa 20 da jan bik.

Bana ta shiga lise bayan ta ci BEPC da maki mai kyau, kuma a gidanmu take zaune don ya fi kusa da lakwal ɗinsu. Ni sana'ata sayar da batir da faifan sola, ina da ɗan shago kusa da babbar kasuwar Maraɗi. Na yi karatun kimiyya har na samu bak kafin kasuwa ta ɗauke ni, shi ya sa duk lissafin da ya gagari yaran gidan nan a wurina yake kwana.

Na kunna fitilar sola na duba. Jadawali ne mai layi takwas. Kowane layi an ba da lambobi uku, yawan furoton, yawan nutoron da yawan elektiron, sai a ce ɗalibi ya faɗi sunan abin, ya kuma faɗi ko atom ne ko iyon. Layin farko: 11, 12, 10. Ta rubuta neyon. Na biyu: 17, 18, 18. Ta rubuta argon. Na uku: 8, 8, 10. Nan ma neyon. Kafin in kai ƙarshe hankalina ya kwanta, don na ga kuskure ɗaya ne ya yi ta haihuwa layi bayan layi. Yaron da ya yi kuskure iri takwas aikinsa da yawa. Wanda ya yi iri ɗaya sau takwas, dare guda ya ishe shi.

Na ce, "Ɗiyata, me ya sa kika ce neyon?"

Ta ce, "Kawu, ai a kayena an rubuta cewa yawan elektiron daidai yake da Z, lambar kowane sinadari. Na ga 10, na duba jadawalin sinadarai, lamba 10 neyon ne."

Ta buɗe kayen ta nuna mini, kuma haka ne, ga jimlar nan da Faransanci, ta ja mata layi da rula. Sai dai a ƙarshen jimlar akwai wasu kalmomi da ke cewa wannan dokar ta atom ce wanda ba shi da caji, kuma nan ne idonta bai tsaya ba. Ta haddace rabin magana, rabin da ta bari kuwa shi ne dukan darasin.

Na roƙi Inna aron faifanta da ƙaramin ƙoƙon da take auna gishiri da shi. Na sa aka ɗebo mini gujiya ɓararra (ƴan'uwanmu na ƙetaren iyaka gyaɗa suke cewa), da aya, da ɗan hatsi a tafin hannu. Na ɗora ƙoƙon a tsakiyar faifai na ce mata wannan ita ce cibiyar atom. Gujiya furoton, kowace ɗaya tana ɗauke da caji ɗaya mai alamar tarawa, +. Aya nutoron, nauyinta kusan ɗaya da na gujiya amma ba ta da caji ko kaɗan. Su biyun nan a cikin ƙoƙo suke zama. Hatsi kuwa elektiron, kowace ƙwaya caji ɗaya mai alamar ɗebewa, −, kuma wurinta waje, a bisa faifai, kewaye da ƙoƙon. Ta ƙirga gujiya 11 ta zuba, aya 12 ta zuba, ta jera ƙwayar hatsi 11 a gefe.

Faifan Inna ya yi wa gaskiyar abin ƙanƙanta, kuma na gaya mata haka. Faɗin atom ya ninka na cibiyarsa kusan sau 100,000. Da cibiyar ta kai girman ƙwayar aya guda, da faifan sai ya yi wajen kilomita ɗaya daga baki zuwa baki, kuma duk tsakanin nan fili ne fayau. Nauyin kuma kusan dukansa yana cikin ƙoƙo, don furoton ya fi elektiron nauyi sau 1836. In furoton buhun hatsi ne mai kilo 100, elektiron bai kai giram 55 ba, ɗan abin da za ki damƙa ki watsa wa kaji. Shi ya sa in ana lissafin nauyi, lambar nan da ake kira A, gujiya da aya kawai ake haɗawa. Namu 11 da 12, ya ba da 23.

Daga nan na zo kan abin da na ke so ya zauna mata. Na tambaye ta, in wani dattijon Bagobiri ya taso daga Tibiri ya shigo kasuwar Maraɗi, da me za a gane shi kafin ya buɗe baki? Ta ce da tsagar fuskarsa. Na ce in ya cire hula fa? In ya ara rigar wani ya sa? Ta ce yana nan Bagobirinsa. To furoton ita ce tsagar gado. Duk abin da ke da furoton 11 a cibiyarsa sodiyom ne, ko elektiron nawa ke kewaye da shi, ko nutoron nawa ke kwance tare da su. Mai 8 oksijin ne, mai 26 ƙarfe, mai 79 zinariya, mai 82 dalmar da ke cikin batiran shagona. Sinadarai 118 ne a jadawalin yau, kuma babu biyu da suka haɗa lamba ɗaya. Wannan lambar ita ce Z. Elektiron kuwa hula ce da riga, ana cirewa ana ƙarawa, ana ma ara wa maƙwabci. Ita a takardarta sai ta bi hula ta raɗa wa mutum suna.

Abin da ke ba ni sha'awa shi ne su kansu manyan masana sun daɗe kafin su gane haka. Lokacin da Mendeleyef, mutumin Rasha, ya tsara jadawalinsa a 1869, babu wanda ya san da furoton. Da nauyi ya jera su, daga marar nauyi zuwa mai nauyi. Amma a wani wuri nauyin ya ƙi ba shi haɗin kai: teluriyom ya ɗan fi iyod nauyi, alhali halayensu sun nuna iyod ne ya kamata ya zo a baya. Sai ya bi hali ya bar nauyi, ba tare da ya iya faɗin dalili ba. An gano elektiron a 1897, an gano cibiya a 1911, sannan a 1913 wani saurayi ɗan Ingila, Henry Moseley, ya auna hasken X da sinadarai ke fitarwa, irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, ya nuna cewa kowanne yana da lambarsa cikakkiya, ɗaya bayan ɗaya kamar matakala, kuma lambar nan cajin cibiya ce. Teluriyom 52, iyod 53, rigima ta ƙare. Bayan shekara biyu aka kashe shi a fagen daga a Galifoli, ƙasar Turkiyya, yana da shekara 27. Duk lokacin da na ga harafin Z a kayen yaro sai na tuna da shi. Nutoron ma sai a 1932 James Chadwick ya tabbatar da shi. Inna ta ce ashe abin bai girmi mahaifinta ba.

Sai na sa hannu na ɗauke ƙwayar hatsi ɗaya daga faifan. Saura 10.

"Yanzu mene ne wannan?"

Ta kalli ƙoƙo, ta sake ƙirga gujiya da yatsa. "Sodiyom ne har yanzu."

"Madalla. Cajinsa fa?"

Ta yi jim, ta ce, "An ɗebe masa ɗaya, to ɗebewa ne."

Nan ne ramin da ya fi cin yara, kuma ban ga laifinsu ba. Hankali yana cewa wanda ya rasa abu ya ragu, ta yaya za a ce ya koma +? Sai na shiga ɗaki na ɗauko littafin bashin shagona, wanda ta sha gani ina dubawa da dare. Na ce mata ta ɗauka kowace gujiya dala ɗaya ce a aljihu, kowace ƙwayar hatsi kuma dala ɗaya ce ta bashi. Mutum yana da dala 11 a aljihu, ana bin sa dala 11. Nawa ya mallaka? Ta ce babu, amma kuma ba a ci shi ba. Na ce wannan shi ne atom, cajinsa sifili. Yanzu mai bin sa bashi ya ce na yafe maka dala ɗaya. Aljihunsa bai ƙaru da ko tamma ba, dala 11 ɗin nan ce dai, amma bashin ya koma 10. Ta ɗago kai ta ce, "Ya samu rarar dala ɗaya." Ita ke nan. Abin da ya rasa bashi ne, kuma wanda aka sauke wa bashi gaba ya ci. Na ce ta rubuta Na da ƙaramar alamar + a kafaɗarsa. Layin farko na takardarta ke nan, Na⁺, iyon ɗin sodiyom.

Muka juya wa kulor. Gujiya 17, aya 18, hatsi 17. Na ɗauko ƙwayar nan da na cire wa sodiyom na ɗora a nan, hatsi ya zama 18. Dala 17 a aljihu, bashi 18, ana bin sa ɗaya: Cl⁻. Da kanta ta yi na uku, furoton 8 da elektiron 10, ta ce oksijin ne da ake bi dala biyu, O²⁻. Duk lissafin bai wuce a ɗebe yawan elektiron daga yawan furoton ba. In ya ba da sifili, atom ne. In ya ba da wani abu, iyon ne, kuma abin da ya bayar shi ne cajinsa.

Akwai wani tunani da na lura yana ɓoye a ranta, sai na tono shi. Na ce, in ana son sodiyom ya zama +, me zai hana a ƙara masa furoton ɗaya kawai? Ta ce ai da ma haka ta zata ake yi. Na jefa gujiya ta 12 a ƙoƙo na ce ta duba jadawali. Magneziyom. An canza tsaga, an samu wani mutum dabam. Duk abin da ke faruwa a tukunyar miya, a cikin batir, a cikin jinin mutum, ko ƙarfen da ke tsatsa a bakin rijiya, ciniki ne na elektiron kawai. Babu mai taɓa ƙoƙo. Taɓa ƙoƙo aikin tashar nukiliya ne da cikin rana.

Don in tabbatar ta kama, sai na jera mata tarkon da ya kama ta. Oksijin da ya karɓi biyu, elektiron 10. Fulor mai furoton 9 da ya karɓi ɗaya, 10. Neyon da ba ya bayarwa ba ya karɓa, 10. Sodiyom da ya ba da ɗaya, 10. Magneziyom da ya ba da biyu, 10. Alminiyom mai 13, na tukwanen da maƙera ke zubawa, in ya ba da uku, 10. Anko suka yi kamar ƴan matan biki, atamfa iri ɗaya, amma kowace da gidan ubanta. Kuma ba banza suke taruwa a 10 ba. Elektiron zama suke hawa hawa, na farko yana ɗaukar 2, na biyu 8, kuma wanda hawansa na waje ya cika shi ne mai kwanciyar hankali. Sodiyom yana da 2, 8, sai guda ɗaya tilo a waje, ya fi masa sauƙi ya rabu da ita. Kulor yana da 2, 8, 7, guda ɗaya yake nema. Da sun haɗu ciniki ya faɗa.

Inna tana gefe tana jan carbi, sai ta ce, duk wannan ƙirge ƙirgen na mene ne? Na nuna mata ƙoƙon na ce na gishirin da take aunawa da shi ne. Sodiyom in yana da elektiron ɗinsa 11 cif, ƙarfe ne mai laushi da wuƙa ke yankawa, a cikin kananzir ake ajiye shi, don in ya taɓa ruwa tafasa yake yi har ya kama wuta. Kulor kuwa in bai karɓi elektiron ba, iska ce mai ruwan ɗorawa da kore, guba ce da aka kashe sojoji da ita a yaƙin duniya na farko, a 1915. Ƙwayar elektiron ɗaya ta tashi daga wannan ta koma wancan, sai ga kantun gishirin Bilma da raƙuma ke kawowa, sai ga ruwan gishiri da sukari da ake ba yaro mai gudawa. Kanwar da take sa wa wake ma iyon ɗin sodiyom ne a cikinta, kuma alamar Na ɗin daga tsohon sunan kanwa aka samo ta, wanda Larabawa ke cewa naɗrun. Ruwan tokar da mata ke tacewa in babu kanwa, shi kuma potasiyom ne ya fi yawa a ciki, furoton 19, elektiron 18, kuma harafinsa K daga kalmar Larabci ta tokar tsirrai ya fito. Inna ta ce ashe tun tana budurwa take shimi ba ta sani ba.

Washegari yarinyar ta biyo ta shago bayan an tashi lakwal. Na zuba ruwan da muke ƙara wa batir a kofin roba, tataccen nan da aka samu daga tururi, wanda babu asid a cikinsa. Na haɗa batir mai bolt 12 da ƙaramin ƙwan fitila, na tsoma bakin waya biyu a ruwan kusa da juna ba tare da sun taɓa ba. Ƙwai bai kama ba. Ta zuba sukari ta motsa, shiru. Muka canza ruwa ta zuba gishiri cokali biyu, sai ga ƙwan ya yi ja, ƙananan kumfa suna tashi a jikin baƙar waya. Sukari in ya narke ba ya rabuwa ya zama iyon, gishiri kuwa yana rabuwa, Na⁺ su nufi wannan waya, Cl⁻ su nufi waccan. Sunan iyon ma daga nan ya samo asali. Michael Faraday ne ya shigo da shi a 1834, daga kalmar Girkanci mai nufin mai tafiya. Batirin wayarta ma haka yake aiki, iyon ɗin litiyom ne, furoton 3 da elektiron 2, ke kai da kawowa tsakanin gefe biyu, in ana caji su tafi, in tana kallo su dawo.

Amma abin da ya sa na ɗauki wannan darasi da zafi ya wuce batir. Duk wanda ya girma a yankin nan ya san labarin yaran Tibiri. Daga tsakiyar shekarun 1980, har fiye da shekara goma, garin yana shan ruwan wata rijiyar burtsatse mai zurfi, ruwa garau, babu wari babu ɗanɗano. Sai yara suka fara tasowa haƙoransu sun yi ja sun dafe, ƙafafu sun lanƙwashe, wasu ba sa iya miƙewa sosai. Ɗaruruwan yara. Ina yaro na ga wasunsu da idona a tasha, kuma na ji abin da manya ke faɗa, wannan ya ce iska ne, wancan ya ce gado ne. Da aka auna ruwan sai aka tarar da iyon ɗin fulor ne ya yi yawa, daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa yake narkowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 1.5 cikin lita guda, na Tibiri ya ninka haka. Furoton 9, elektiron 10, ɗaya daga ƴan ankon nan da muka jera a faifai. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, shi ya sa ake sa shi a man goge baki. In ya yi yawa sai ya riƙa kutsawa cikin ma'adinin ƙashi yana maye gurbin wani iyon da suke caji ɗaya kuma kusan girma ɗaya, ƙashin yaro mai tasowa ya ginu a karkace. Tacewa da ƙyalle ba ta cire shi. Tafasawa ma ba ta cire shi, sai dai ta ƙara masa ƙarfi in ruwan ya ƙone. Abin da ke gano shi kawai mutum ne da ya san akwai shi, ya san sunansa, ya ɗebi ruwan ya auna. Ina son a samu irin waɗannan mutanen da yawa a cikin ƴaƴanmu, a kowace ma'aikatar ruwa da kowane asibiti, kuma hanyar zama ɗayansu ta wannan jadawalin mai layi takwas take bi.

Ayar cikin ƙoƙo ba ta ba mu wahala ba. Nutoron ba ya canza suna, ba ya canza caji, nauyi kawai yake ƙarawa. Kulor iri biyu ne a cikin gishiri, mai nutoron 18 da mai 20, wato kulor 35 da kulor 37, ƴan uba ɗaya, ana ce musu izotof. Cikin kowane huɗu, wajen uku na 35 ne ɗaya na 37, shi ya sa jadawali ya rubuta 35.5, ba don akwai rabin nutoron ba. Misalin da ya fi kusa da mu ƴan Nijar shi ne yuraniyom da ake haƙowa a Arlit tun 1971. Furoton 92 ne duka. Mafi yawansa nutoron 146 gare shi, yuraniyom 238. Wajen 7 cikin 1000 ne kawai ke da 143, yuraniyom 235, kuma wannan ɗan kaɗan ɗin shi ne wanda ke saurin tsagewa ya ba da wuta a tashoshin nukiliya. Duk maganar tace yuraniyom da ake ji a rediyo, ƙoƙarin ware waɗannan biyun ne da nutoron uku kawai ya raba. Na kuma gargaɗe ta da tarko na ƙarshe: argon 40, potasiyom 40 da kalsiyom 40 duk A ɗinsu ɗaya, amma furoton 18, 19 da 20. Nauyi ma hula ce.

Ban zargi malaminta ba, kuma na hana ta zarginsa. Mutum ɗaya da alli a gaban aji maƙil da yara, ga manhaja tana kora shi, ba ɗakin gwaji, abin da zai iya shi ne ya rubuta su kwafa. Abin da ke damuna shi ne yaro yana kokawa biyu a lokaci guda, da Faransanci da kuma abin da ake faɗa da Faransancin, kuma sau da yawa ta farkon ce ke cinye ƙarfinsa. Sai ya haddace jimla ya zaci ya fahimta. Ba na cewa a daina Faransanci, da shi za ta rubuta bak. Amma a gida, a tabarma, babu abin da ya hana a warware wa yaro magana da harshen da yake mafarki da shi. Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ɗan Tasawa ne, nan cikin jiharmu aka haife shi a 1929. Masanin fizik ne da ya ba da rayuwarsa ga binciken hasken rana tun ana ganin abin kamar wasa, kuma yana cikin waɗanda suka dage cewa a koyar da yaran Afirka da harsunansu. Kullum in na ɗaga faifan sola zan miƙa wa mai saye, yana faɗo mini a rai.

Daren Alhamis ta sake zama da takardar, ba faifai ba ƙoƙo, ta gyara layi takwas ɗin cikin ƴan mintoci. Na ga yadda yatsanta ke fara sauka a kan lambar farko kafin ta kalli sauran. Sai na ba ta biyu daga kaina: 26, 30, 24, da kuma 26, 30, 23. Da a ce Talata ce, da ta ce mini kurom da banadiyom, masu lamba 24 da 23 a jadawalin sinadarai. Ta ce duka ƙarfe ne, na farko Fe²⁺, na biyu Fe³⁺, ta tambaye ni ko akwai bambanci tsakaninsu tunda elektiron ɗaya ne kawai. Na ce na biyun shi ne jan tsatsa da jan marmarar da ake zubawa a hanya. Na farkon kuwa shi ne a cikin ƙwayar ƙarin jini da aka ba maiɗakina a wurin awon ciki, don shi hanji ya fi iya ɗauka. Lemun tsami yana taimaka wa ƙarfen abinci ya koma irin na farkon, shayi kuma yana riƙe shi ya hana jiki samu.

Ta tashi ta shiga ɗaki ta ɗauko kwalin maganin, ta kawo shi gaban fitila tana bin ƙananan rubutun da yatsa har ta samu kalmar da ke nuna ƙarfe mai caji biyu ne. Daga nan ta leƙa madafa, inda maiɗakina ke ɗora butar shayinta na dare, na ji tana cewa, "Anti, ki sha maganin yanzu da ruwa, shayin ki bari sai an jima." Inna kuwa ta karɓi ƙoƙonta ta juye gujiyar a kasko.